Manaja a Cikin Fili: Dabara Kano Pillars Ta Yi ko Ganganci?

A watan Yulin 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa Janar Manajan Kano Pillars, alhali bai daina buga mata wasa ba. Wato wanda zai zauna ofis ranar Litinin ya duba wa za a ɗauka, wa za a sallama, shi ne zai sa riga ya shiga fili tare da su ranar Lahadi. Nan take gardama ta kaure, kuma ba ta tsaya Kano ba. Ta biyo hanyar Funtuwa da Gusau ta iso mu Kaya a Zamfara, ta samu wurin zama a gidan kallo da teburin mai shayi, har yau ba ta tashi ba.

Wani zai ce ina ruwan Bazamfare da sha'anin Kanawa. Da ruwansa. Tun da Zamfara United ta faɗo daga babbar gasar ƙasa a 2011 ba ta sake hawa ba, don haka mai son ƙwallon gida a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, in ya gaji da Arsenal da Barcelona, Pillars yake kunna wa rediyo. Ɗan yankin nan namu ya ba jihar gwamna har uku, Ahmad Sani na Bakura, Abdul'aziz Yari na Mafara da Bello Matawalle na Maradun, amma wanda ke son ganin wasan Firimiyar Najeriya da idonsa sai ya biya kuɗin mota zuwa Katsina ko Kano. Abin da Pillars ta yi da 'yan wasanta, shi za a kwaikwaya a Gusau ranar da aka tashi gyara.

Masu cewa an yi daidai sun fi yawa, sun kuma fi ɗaga murya, sai mu fara da su.

Abin da suka fara kamawa shi ne suna. A kakar 2009 zuwa 2010, yana ɗan shekara 17, Ahmed Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar. Daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sai CSKA ta Mosko, sai Leicester ta Ingila a 2016, sai Al-Nassr ta Saudiyya. Ya zura wa Ajantina biyu a Kofin Duniya na 2014, ya zura wa Ayislan biyu a na 2018, kuma babu wanda ya kai shi yawan buga wa Super Eagles wasa. Da ya dawo a Oktoban 2024, lokaci guda da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, wasansa na farko da Sunshine Stars ya ci biyu. Daga nan duk garin da Pillars ta sauka sai ka ga mutane na tururuwa, har waɗanda rabonsu da filin wasan gida ya yi shekaru. Gasar da ta daɗe tana neman 'yan kallo da kamfanonin talla, in ta samu mutum ɗaya da ke jawo su, ai ba ta sake shi. Kuma ɗan wasan da ke jinkirin zuwa Kano don tsoron a riƙe masa albashi, in Ahmed Musa ne ya buga masa waya da kansa, zai ɗauka.

Akwai wani dattijo tela a garinmu da ya bi Pillars a rediyo tun kafin Kadiri Ikhana ya ciwo mata kofin gasa na farko a 2008. Shi hujjarsa daban ce, kuma ta fi ta suna nauyi. Ranar da samari suka taso shi da surutu, ɗaga ƙafa ya yi daga kan keke ya ce: "Ɗiyana, mi kuka so? Shekara nawa ana ba 'yan siyasa kulob ɗin ga, mutanen da ko ƙwallon tsumma ba su taɓa bugawa ba? Yanzu an kawo wanda yas san abin, kuma kuna ƙorafi." Sai ya tuna musu 2022. A Afrilun shekarar magoya baya suka farfasa motar Katsina United, aka zaftare wa Pillars maki 3. A watan Yuni aka zargi shugaban kulob ɗin na lokacin da kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a karawa da Dakkada, kujerar ta suɓuce masa. Kaka na ƙarewa, ƙungiyar da ta ɗauki kofi huɗu ta gangara rukuni na biyu tare da Katsina United da Heartland da MFM. Duk wannan, in ji tela, ya faru ne babu ɗan wasa ko ɗaya a ofis. Ya ƙara da cewa mutumin da ya ga yadda ake tafiyar da kulob a Mosko da Leicester, ya san likitan ƙungiya da abincin 'yan wasa da filin atisaye ba alfarma ba ne, kuma yana da abin hannunsa, bai zo neman na cefane ba.

Sai maganar manya a cikin 'yan wasa. Kofuna ukun da Pillars ta jera a 2012 da 2013 da 2014, biyu hannun Muhammad Babaganaru, ɗaya hannun Okey Emordi, ba da sababbin fuskoki kowace shekara aka ci su ba. An riƙe ginshiƙan ƙungiyar: Theophilus Afelokhai a raga, Rabi'u Ali a tsakiya, Gambo Muhammad a gaba. Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, ya haura shekara 40 yana buga wa Pillars firikik da fenariti. Masu wannan ra'ayi na cewa a gasa irin tamu, inda wasan waje yake nufin kwana a mota, masauki marar ruwa da 'yan kallo masu jifa, yaro ɗan shekara 19 yana buƙatar ya waiwaya ya ga wanda bai razana ba. A Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, tana tafiya Owerri wasa da Heartland, 'yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo. Wanda ya san irin wannan hanya ba zai raina amfanin tsohon hannu ba.

Duk wannan na yarda da shi, ko mafi yawansa. Amma a lura, hujjojin nan kusan dukkansu suna kare dawowar Ahmed Musa ne a matsayin ɗan wasa, ko kuma naɗa shi manaja bayan ya ajiye wasa. Ba su taɓa ainihin abin da ake gardama a kai ba, wato haɗa biyun a lokaci ɗaya.

Wanda ya fi kowa matsa wa tela lamba wani malamin firamare ne da ya taɓa buga ƙwallon ƙaramar hukuma. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: "Baba, ni tambaya ɗaya gare ni. Minti na 60 ya yi, manaja ya gaji, ƙafa ta yi nauyi. Wa zai ɗaga allo ya ce ya fito?" Tela ya ce koci mana. Malam ya ce: "To wa ke sa hannu a albashin kocin?"

Nan gizo ke saƙa. Aikin koci shi ne ya zaɓi mutum 11 ba tare da duban fuskar kowa ba. Aikin manaja shi ne ya auna kocin, in ya gaza ya sallame shi. Idan manajan na cikin waɗanda ake zaɓa, to kowannensu yana riƙe da wuyan ɗan'uwansa, sai dai riƙon wani ya fi na wani ƙarfi. Ko da Ahmed Musa bai taɓa buɗe baki ya ce a sa shi ba, kuma ba ni da dalilin zaton ya yi, kocin da ke da iyali zai yi lissafi kafin ya ajiye shi a benci. Yaron da ke buga gefe ɗaya da shi kuma ya san iyakar inda ƙoƙarinsa zai kai shi. Sannan in ɗan wasa na da ƙorafin alawus, wa zai kai wa kuka? A da sai ya bi ta hannun kyaftin, kyaftin ya tunkari ofis. Yanzu ofis ɗin na zaune kusa da shi a cikin mota. Wasu za su ce hakan ya fi sauƙi. Ni gani nake ya fi rufe baki, don ba kowa ke iya cewa mai gidansa "ba a biya mu ba" suna cin abinci kwano ɗaya ba.

Masu goyon baya kan kawo misalin waje. Kenny Dalglish ya riƙe Liverpool yana buga mata wasa, har ya ci gasa da Kofin FA a 1986. Gaskiya ne, amma shi ne kocin da kansa. Babu wani a tsakani da zai ji nauyin cire shi, in ya zaɓi kansa ya yi shirme laifin na kansa ne. Wanda ya fi kama da na Kano shi ne Juan Sebastian Veron, da ya zama shugaban Estudiantes ta Ajantina a 2014, ya kuma dawo ya buga 'yan wasanni a 2017. Sai dai shi mambobin kulob ne suka zaɓe shi da ƙuri'a, suna kuma iya tsige shi da ƙuri'a, kuma dawowar tasa ta ɗan lokaci ce. A Kano gwamna ke naɗawa, gwamna ke saukewa, babu wata kafa da mai sayen tikiti zai bi ya tambayi lissafi.

Kakar farko ta sabon tsarin ba ta yi nisa ba aka ga inda yake yoyo. A Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, 'yan kallo suka kutsa fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasa ta zaftare maki 3, ta ci tarar naira miliyan 9.5, ta mai da wasannin gida Katsina. Ba manaja ya yi jifa ba, kuma irin wannan ta faru a 2022 kafin zuwansa. Amma ranar wasa aikin manaja yana bakin ƙofa: jami'an tsaro nawa aka kawo, tikiti nawa aka sayar, ta ina alƙalin wasa zai fita in abu ya ɓaci. Wanda hankalinsa ke kan yadda zai wuce ɗan bayan Shooting Stars ba zai iya wannan ba, ko waye shi. Taura biyu ba ta taunuwa. Da sakamako ya ci gaba da lalacewa kuwa, koci Evans Ogenyi aka dakatar. Haka aka saba: wanda aka miƙa wa 'yan wasa shi ke tafiya, waɗanda suka tattaro su suna nan zaune.

Akwai wata gardamar da ke laɓe a bayan wannan, ta 'yan gida da baƙi. Duk lokacin da Pillars ta yi rashin nasara sai ka ji ana cewa an cika ta da mutanen da ba su san darajar rigar ba, a koma ga yaran Kano. Wannan magana ba ta da dogon rai in aka buɗe tarihi. Ikhana da Emordi ba Kanawa ba ne. Afelokhai ba Bakano ba ne. Junior Lokosa, da ya ci ƙwallo 19 a 2018 kafin ya tafi Esperance ta Tunisiya, daga Legas ya zo. Chinedu Udoji tsohon kyaftin ɗin Enyimba ne, kuma da ya rasu a haɗarin mota a Kano a Fabrairun 2018, garin ya yi makokinsa da gaske. Shi kansa Ahmed Musa a Jos aka haife shi. Kirarin Pillars na "Sai Masu Gida" bai taɓa nufin a tambayi ɗan wasa takardar ƙaramar hukuma ba.

To in ba suna ba ne matsala, ba kuma asali ba, mene ne? Ni abin da nake so a auna kowane manaja da shi, Ahmed Musa ko waninsa, abu ne da ba ya fitowa a rediyo: takarda. 'Yan wasa nawa ne ke da kwantiragin da ya wuce shekara ɗaya? Nawa ne mallakar kulob, nawa ne na aro? Cikin waɗanda aka ɗauka bana, nawa koci ya nema da bakinsa, nawa aka turo masa?

Tarihin shi manajan ya isa darasi. Lokacin da ya ci ƙwallo 18 ɗin nan, aro Pillars ta karɓo shi daga makarantar ƙwallo ta GBS da ke Jos. Ɗan wasan aro in ya yi tsada, mai shi ke ƙirga kuɗi. Abin da ya rage wa wanda ya ara shi ne ɗan kason da FIFA ta tanada: duk cinikin ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana cire kashi 5 cikin 100 a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Leicester ta biya kimanin fam miliyan 16. Kashi 5 ɗin ya kama wajen fam 800,000, a raba tsakanin duk inda ya zauna a waɗannan shekaru, har da na Turai, kuma kaka ɗaya ba ta wuce kashi 10 cikin 100 na wannan kason. Kuɗi ne, amma ina shi ina abin da mai cikakken haƙƙi ke samu. Manoman shinkafa a Bakolori sun san zafin wannan: ka share fage, ka yi renon iri, ka yi ta ban ruwa, ranar dashe wani ya tumɓuke ya kai gonarsa.

Na ga yadda ake tattara 'yan wasa a ƙananan rukunoni da idona, lokacin da na raka ɗan yayata, ɗan baya na hagu, wajen tantancewa a wata ƙungiya da ba zan ambata ba. Tun da asuba fili ya cika da samari, wasu takalmin aro, wasu sun kwana tasha. Koci na zaune kan kujerar roba da takarda a cinya, ana shigar da su rukuni-rukuni, kowane rukuni 'yan mintoci, a busa a ce na gaba. Yaro na iya fita bai taɓa ƙwallo sau uku ba. Da hantsi wata mota ta tsaya bakin fili, wani mai babbar riga ya fito ya miƙa wa kocin 'yar takarda a ninke. Kocin ya karanta, ya sa aljihu, bai ce uffan ba. Da aka kira sunaye da yamma, akwai waɗanda ban ga sun cire rigar sanyi ba duk yinin. Yaron namu ya samu shiga, da guminsa. Aka ba shi takarda ya sa hannu, ba a ba shi kwafi ba. Kuɗin sa hannu aka ce kashi-kashi za a biya. Na farko ya zo, sauran har yau. Kaka ta ƙare, aka rushe hukumar gudanarwa, sababbi suka zo da nasu yaran. Da wata ƙungiya ta neme shi, sai ga waɗanda suka ce ba sa buƙatarsa suna neman kuɗi kafin su ba da takardar sallama. Yanzu albasa yake nomawa da rani. Ranar da na tambaye shi ko zai sake gwadawa, dariya ya yi ya ce: "Kawu, ƙafa tana nan, takarda ce babu."

Pillars ta fi wannan tsari nesa ba kusa ba, kada a ce na haɗa su. Amma cutar iri ɗaya ce a kusan duk kulob ɗin gwamnati: kasafin shekara ɗaya, hukumar da ke tafiya da wanda ya naɗa ta, koci mai wa'adin da bai kai damina biyu ba. Daga 2019 zuwa 2025 kaɗai Pillars ta ga Ibrahim Musa, da Bafaranshe Lionel Soccoia, da Salisu Yusuf, da Evans Ogenyi, da Abdu Maikaba, da Usman Abdallah, Ogenyi ya sake dawowa. Kowane koci da irin 'yan wasan da yake so. Wanda ya san ba zai kai baɗi ba, me zai sa ya ɓata lokaci kan ɗan shekara 17? Gara ya kira wanda ya sani, ko da gwiwa ta fara ciwo, ya samo masa maki uku ranar Lahadi. A wasan ƙarshe na Kofin Aiteo na 2018 a Asaba, Pillars na gaban Enugu Rangers da ci 3, aka farke duka, aka doke ta a bugun fenariti. Shekara ta zagayo ta ɗauki kofin a Kaduna a kan Niger Tornadoes. Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe sau biyu a jere, cikin shekara uku ta faɗi daga gasa. Ba ƙwallo yaran suka manta ba.

Masu son a sayar da kulob ga 'yan kasuwa nan suke shigowa, da Remo Stars a hannu. Kulob ne na Kunle Soname a Ikenne, ƙaramin gari a jihar Ogun, da filinsa, da makarantar yara ta Beyond Limits, da wata ƙungiya a Fotugal, Feirense, da ke buɗe wa yaran ƙofar Turai. Sun bar koci Daniel Ogunmodede ya yi ta kusantar kofi yana kuskurewa, ba su kore shi ba, har ya ɗauka a 2025. Hujja ce mai ƙarfi. A Kano ma ga Barau FC ta Sanata Barau Jibrin ta hau babbar gasa a 2025, za a ga yadda mai zaman kansa zai yi a gari ɗaya da Pillars.

Sai dai ban yarda cewa mallakar gwamnati ita kanta ce ajali ba. Enyimba ta gwamnatin Abiya ce, kuma ita kaɗai ce ƙungiyar Najeriya da ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka, har sau biyu, 2003 da 2004. Abin da ta yi daban shi ne ta bar Felix Anyansi-Agwu a kujerar shugabanci fiye da shekara 20, gwamnoni na zuwa suna wucewa, sai a 2023 aka ba Nwankwo Kanu, wanda ya daɗe da barin wasa. Ita ma Pillars, da ta fitar da Al-Ahly ta Masar a 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka, ta gwamnati ce a lokacin. Kuma akwai abin da masu lissafin riba ke mantawa: a Kano, Pillars ba haja ba ce kawai. Tun da aka kafa ta a 1990 daga haɗakar WRECA da Golden Stars da Bank of the North, ta zama wurin da ɗan Fagge da ɗan Sabon Gari ke zama benci ɗaya. Ɗan kasuwa na iya ɗauke kulob ya kai wani gari in ciniki ya ja shi. Gwamna ba zai iya ba.

Saboda haka ga inda na tsaya. Dawo da Ahmed Musa fili dabara ce. Ba shi ofis ma na iya zama dabara, watakila mafi kyau da aka yi a shekarun nan, don shi ne manaja na farko da gwamna zai ji nauyin saukewa da sanarwar dare ɗaya, kuma wannan nauyin shi ne abin da zai iya saya wa kulob ɗin shekaru huɗu ko biyar na zama lafiya. Amma haɗa biyun ganganci ne, kuma shi ya fi kowa asara a ciki. Kowace Lahadi yana kashe ɗan abin da ya tara na kwarjini a kan abin da wani yaro zai iya yi, alhali aikin da babu mai iya yi sai shi, na zama da gwamnati a sa kwantiragin koci ya kai shekara uku, a ɗaure yara masu tasowa da takarda ta gaskiya, a toshe ƙofar 'yar takarda a ninke, yana jira. Tela bai yarda da ni ba. Ya ce in Musa ya bar fili 'yan kallo za su ragu, in suka ragu gwamnati za ta ja hannu, kuma ba a gina komai da aljihu wayam. Ban iya ture wannan gaba ɗaya ba. Abin da na ce masa shi ne ƙafa tana da wa'adi ko an so ko an ƙi, gara a shirya wa ranar tun ana da zaɓi.

Mu a Zamfara mun taɓa ganin ƙarshen tsira ba tare da gini ba. A ranar ƙarshe ta kakar 2009 Zamfara United ta ci Kaduna United 9 da nema, ta tsallake faɗuwa da yawan ƙwallaye, Akwa United ta gangara a madadinta. Sakamakon ya jawo surutu a faɗin ƙasa. Shekara biyu bayan nan muka faɗi, Akwa kuwa ta dawo, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2015 da 2017, ta ɗauki gasar kanta a 2021. Ina jin tsoron ranar da wani zai shawarci Gwamna Dauda Lawal cewa hanyar komawa ita ce a yi irin ta Kano, a nemo tsofaffin sunaye a zuba musu kuɗi kaka ɗaya. Kano na da jama'ar da za ta cika fili don suna, tana da tarihin da zai ja ɗan wasa. Gusau ba ta da ko ɗaya a yanzu. Abin da muke da shi yara ne, a filayen makarantun Kaya da Faru da Jangebe da Bakura, waɗanda rashin tsaron hanya ya sa iyayensu ba sa barinsu zuwa Gusau gwaji, kuma babu mai zuwa ya gan su.

Aikin da zai fara amfani ba ya buƙatar miliyoyi: a yi wa ƙungiyoyin unguwa rajista da hukumar ƙwallon jiha, a rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa na gaskiya tun yana 12, a ajiye sakatare ɗaya da ba ya tafiya in gwamnati ta tafi. A ƙa'idar FIFA, shekarun 12 zuwa 15 kowace na da kashi 5 cikin 100 na wancan kason reno, daga 16 zuwa 23 kowace na da kashi 10. Yaron da ya buga wa ƙungiyar garinsu daga 12 zuwa 17, in Allah ya ɗaga shi wata rana aka yi cinikinsa fam miliyan 1 tsakanin ƙasashe biyu, fam 20,000 haƙƙin wannan ƙungiya ne, kuma duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki za a sake biya. A yadda muke yau, in aka buɗe takardar tarihin yaron za a tarar shekarun nan shida babu sunan kowa, kuma babu wanda zai karɓi ko kwabo a Kaya ko Maradun.